Marfin Kwalba da Tarihin Lemo

In an buɗe lemon kwalba, marfin ne abu na fari da ake yarwa. Amma akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda suke tara tsofaffin marafai, suna jera su cikin akwati, suna musaya da juna. Dalilinsu yana cikin tarihin lemon kansa.

A shekara ta 1767, Joseph Priestley, wani mai wa'azi kuma masanin kimiyya a birnin Leeds na Ingila, ya gano yadda ake shigar da iskar gas cikin ruwa har ya riƙa kumfa. A 1783 Jacob Schweppe ya kafa sana'ar yin irin wannan ruwa a Janeba. Daga baya aka ƙara masa sukari da ɗanɗano iri iri. A 1886 John Pemberton, mai haɗa magunguna a Atlanta, ya fito da Coca-Cola. Rabin sunan nan daga goro aka samo shi, wanda Turawa ke kira kola.

Yin lemon bai kai tsare shi wuya ba. Iskar kullum neman hanyar fita take yi. Da toshiyar ɓawon itace ake rufe kwalba, in kuwa ta bushe sai ta saki, lemon ya salance. Saboda haka aka ƙera kwalabe marasa gindin zama, domin dole a kwantar da su, toshiyar ta zauna a jiƙe. A 1872 Hiram Codd ya yi kwalba mai ƙwallon gilashi a wuya, wanda iskar ke tura shi sama ya toshe bakin. Yara suka riƙa fasa kwalaben don su sami ƙwallon.

William Painter na birnin Baltimore ne ya warware matsalar a 1892. Ya yanka ɗan faifan ƙarfe mai haƙora kewaye, ya shimfiɗa ɓawon itace a ciki, aka matse shi a bakin kwalba. Ga araha, ga tsabta, gama sau ɗaya ake amfani da shi. Da wannan marfi lemo ya iya doguwar tafiya a jirgi da mota, ya isa garuruwan da ba su da masana'anta.

Mai tarawa yakan juya marfi ya duba. Haƙora 24 ne a marfin Painter, na yau kuwa 21. In ya ga ɓawon itace a ciki, ya san tsoho ne, domin tun wajen shekarun 1960 roba ta soma maye gurbinsa. A bayan marfin kuma akwai sunan lemon, wani lokaci har da garin da aka yi shi. Ƙananan masana'antu da yawa sun rufe, takardunsu sun ɓace, sunayensu sun ragu a kan waɗannan marafai kaɗai. Hausawa sun ce, kome ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.