Shayi Mai Kauri da Kayan Ƙamshi: Yadda Ake Haɗa Shi a Gida da Madarar Shanu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, mai noman rani a fadamun Kebbe da Kuchi ko lambunan Tambuwal da Dogon Daji yakan fita ban ruwa tun da asuba, kuma abin da ya fi sa wa cikinsa shi ne shayi. Saye a teburin mai shayi kullum yana cin kuɗi, alhali gidan da ke da saniyar tatsa ko akuya, ko yake maƙwabtaka da ruga, zai iya haɗa wanda ya fi shi. Abin da ake buƙata shi ne a san abin da ke fara shiga tukunya da abin da ke zuwa ƙarshe, sannan madara ta tafasa.

Daga ina kayan suke zuwa?

Ganyen shayi ba ya yi a ƙasarmu, don yana son sanyi da ruwan sama mai yawa. A Najeriya ana noma shi ne a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea. Saura kuwa shigo da shi ake yi daga ƙasashe irin su Kenya da Indiya da Sin. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, musamman yankin Kachia. Cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ita ta sa kuɗinta ya yi sama har a kasuwanninmu. Kimba da masoro daga dazukan kudu ake kawo su, kanumfari da kirfa kuma daga ƙetare.

Wasu manoma kan tambaya ko za su iya shuka citta a nan. Tana buƙatar wata takwas zuwa tara a ƙasa mai laima, damunarmu kuwa ba ta wuce wata huɗu ba. Abin da ke yi ba wahala shi ne na'a-na'a: kunya ɗaya a gefen lambu ko bayan ɗaki ta ishi gida.

Ma'auni na mutum huɗu

Ruwa kofi 3
Madara kofi 1 da rabi
Ganyen shayi ƙaramin cokali 4, ko ƙullin Lipton 4
Ɗanyar citta kamar babban yatsa, ko garin busasshiya ƙaramin cokali 1
Kanumfari 4
Masoro 5
Kimba 1, a fasa a zubar da 'ya'yan don suna da ɗaci
Ɗan guntun kirfa, in akwai

Yadda ake dafawa

1. A daddaka kayan ƙamshin sama-sama, kar su zama gari. A zuba cikin ruwa, a rufe, su tafasa minti 8 zuwa 10.
2. A zuba ganyen shayi, a rage wuta, a ba shi minti 3 zuwa 4.
3. A zuba madara ana juyawa. In ta taso a janye itace, a bar ta ta yi minti 2 tana tafasa a hankali.
4. A sauke, a jefa na'a-na'a in ana so, a tace da rariya, sannan a sa sukari.

Me ya sa aka jera su haka? Kayan ƙamshi busassu ne masu tauri, sai sun daɗe a wuta suke sakin ƙamshinsu. Ganyen shayi kuwa nan da nan yake saki, in ya daɗe sai bauri da ɗaci. Mai son shayi mai ƙarfi ya ƙara ganye, kar ya ƙara lokaci. Ita kuma ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke tsinka madara ta yi gudaji, tafasa ce ke kashe shi, shi ya sa ba a haɗa su tun farko. Lemon tsami da tsamiya ma suna tsinka ta, ba su da wuri a shayin madara.

Maganar madara

Nan ne haɗarin yake. Ɗanyar madara na iya ɗauke da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, ga mutum kuma zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓoɓi, wanda sau da yawa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Saniya na iya zama da ƙiba da kyan gani alhali tana da cutar. Zuba ɗanyar madara cikin kofin shayi mai zafi ba ya kashe ƙwayoyin, sai ta tafasa a kan wuta.

Kafin a zuba, a gwada: a ɗebi cokali biyu a ɗora a wuta. In ta tsinke, ta fara tsami, a bar ta a yi nono. A zafin Maris da Afrilu madarar safe ba ta kai azahar, don haka a tafasa ta da zarar an tatso.

Dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, a bar shan madararta har kwanakin da aka rubuta jikin kwalbar su cika, ko a tambayi malamin dabbobi. Tafasa ba ta fitar da magani. Kar kuma a zuba madara ko ruwan shayi a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko an wanke ta sau goma.

In madarar gari ce, a dama cokali 4 manya da ruwan ɗumi kafin a zuba. Mai tafiya gona da fulas ya sha cikin awa biyu zuwa uku, ko ya tafi da baƙin shayi kawai.

Su wa za su yi hattara?

Shayi na hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale da gero, wanda shi ke gina jini. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, mai ciki kuma kar ta wuce kofi biyu a yini. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ne abincinsa, ba a ɗura masa shayi. Sukari kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba kar ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini daga duk abin da ya ci ya sha, in ya tsaya a 6 ya fi. Mai zuba cokali huɗu a kofi, yana sha sau uku, ya riga ya cinye rabonsa.

Shawara ga ƙungiyoyi

A haɗa kuɗi a sayi busasshiyar citta da yawa bayan an haƙe ta, wajen Disamba da Janairu, a raba. A saye ta guda-guda, don garin kasuwa ana iya yi masa gauraye. A fasa a duba ciki: mai fumfuna ko warin ruma a mayar, domin fumfuna na iya barin guba mai cutar da hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. A adana a kwalba mai murfi nesa da laima, a riƙa daka na mako ɗaya kawai. Ƙungiyar matan da ke sayar da madara kuma ta mayar da gwajin cokali ƙa'ida kafin ta karɓa daga kowace mamba.