Sha'awa ko dama? Ƙwallon ƙafa na ƴan mata a tarihin Difa da kwarin Kumadugu

1. Gabatarwa

Idan aka tambayi dalilin da ya sa ba a biyan mata ƴan ƙwallo kamar maza, amsar da aka saba bayarwa ita ce jama'a ba ta sha'awar wasansu. A wannan ƙasida muna so mu nuna cewa ita kanta sha'awar tana da tarihi, wato gina ta ake yi, ana kuma iya rushe ta. Za mu fara da misali daga waje, sa'an nan mu dawo Difa.

2. Darasin Ingila

Ran 26 ga Disamba 1920, mutane wajen 53.000 suka kalli ƙungiyar mata ta Dick, Kerr a filin Goodison Park na birnin Libaful. A 1921 hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, ba ta ɗage hanin ba sai bayan shekara 50. Ke nan ƴan kallo sun zo, hukuma ce ta rufe ƙofa. Har yau ana ganin sawun wannan jinkiri: FIFA ta raba dala miliyon 440 a gasar duniya ta maza ta 2022, ta mata kuwa miliyon 110 a 2023.

3. Ƙofofin da ƙwallo ya biyo

A Nijar ƙwallo ya shigo zamanin mulkin mallaka ta ƙofa biyu, lakwal da bariki, dukansu kuwa na maza ne galibi. Difa ta zama babban garin jaha ne bayan garambawul na 1964, kuma nisanta da Yamai ya fi kilomita 1.300. Saboda haka tafiyar ƙungiya zuwa gasa tana cin kuɗi da kwanaki, abin da iyaye suka fi yarje wa ɗa namiji.

Ba daidai ba ne a ce ƴan matan kwarin ba su san wasan fili ba. Dandali nasu ne, da gaɗa da tsalle da waƙa a gaban jama'a. Amma da gwamnatin Seyni Kountché ta kafa gasar kokowa ta ƙasa a 1975, wasan maza ya samu takobi da kyauta da rediyo, har Difa ta karɓi gasar a Disamba 2022. Wasan ƴan mata ya tsaya ado ne na bukukuwa.

4. Lokacin yarinya

A nan ne batun biya ya sha bamban da na Turai. A kwarin Kumadugu, hantsi da la'asar na yarinya suna da farashi: ɗiban ruwa, talla, tsinkar tattasai da shanyarsa. Awa biyu a fili asara ce ga gida. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar suna aure kafin shekara 18, wato daidai lokacin da ɗan wasa ke fara ƙwarewa.

Daga Fabrairu 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, aka kuma dakatar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. An rufe makarantu da yawa a bakin kogi, ƙauyuka suka kwararo gefen babbar hanya. In aka rufe lakwal, yaro yana da lungu da ƙwallon tsumma. Yarinya kuwa ta rasa wurin da kaɗai aka yarda ta yi gudu.

5. Sakamako

A Mayu 2019, a Abijan, matan Najeriya suka ci na Nijar 15 da nema. Bai kamata a karanta wannan a matsayin bambancin baiwa ba: Najeriya ta shiga gasar duniya ta mata tun ta farko a 1991. Duk da haka, a 2016 ƴan wasanta sun ƙi barin otal a Abuja bayan sun ci kofin Afirka, sai an biya su haƙƙinsu. Nasara ma ba ta kawo biya da kanta.

6. Kammalawa

A ganinmu jerin abubuwan shi ne: dama, sa'an nan ƙwarewa, sa'an nan ƴan kallo, sa'an nan kuɗi. Wanda ya fara lissafi daga ƴan kallo ya kama wutsiya ya bar kai. Saboda haka muna ba ɗalibai masu nazarin Difa shawara su auna abu uku: awoyin yarinya, mai mabuɗin fili, da mai biyan kuɗin mota.