Dogon Agogon Ƙasar Norway da Darajarsa

Jama'a, tsawon wannan agogo ba don ado aka yi shi ba. Bayan Huygens ya ƙago agogo mai lilo a 1656, maƙera suka koma ga lilo mai kusan mita ɗaya, wanda kowane kaɗawarsa daƙiƙa guda ce. Tilas a yi masa dogon gida, shi da nauyin da ke jan injin.

A ƙarni na 18 wannan salo ya bazu a Norway, wadda ke fataucin katako da Ingila. A karkara, kamar Telemark da Hallingdal, akan zane gidan da furanni, wato rosemaling. Saboda haka dillali yakan fara tambaya: injin da gidan tare suka taso? In an haɗa su daga baya, ko an sake fenti, kuɗinsa ya faɗi.