Daga Toshi Zuwa Balantain: Yadda So Ya Shiga Kasuwa



Ranar 14 ga Fabrairu asalinta ranar tunawa ce da wani waliyyin Kirista mai suna Balantain. Mawaƙan Ingila suka haɗa ta da soyayya a ƙarni na 14, 'yan kasuwa kuma suka ɗora mata farashi. A shekarun 1840 Esther Howland ta fara sayar da katinan ranar a Amurka, cakulan da furanni suka biyo baya.

Mu ma hanyar da muka bi ke nan. A da, a ƙauyukan Kiru da Bebeji, saurayi kan kai toshin Sallah gidan su budurwa: goro, turare, kuɗin kitso da lalle, a gaban iyaye. Lefe kuwa kwandon kaba ne, ya koma fantimoti, ya zama jerin akwatuna. Yau manomin Doguwa ko Tudun Wada kan sayar da masarar da gida zai ci don cika akwati, wani ya ɗage auren sai baɗi. Yanzu waya ta ƙaro mana Balantain da kek ɗinta.

Tun farkon shekarun 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino ya taɓo rikicin so da dukiya a In Da So Da Ƙauna. Mu fa? Yawancin jarumanmu da mota suke nuna ƙauna. Mu gwada rubuta magidancin da ya tsaya Kwanar Ɗangora ya sayo tsire, ya zauna kan tabarma ya ci da matarsa da 'ya'yansa. Masu karatunmu a irin wannan gida suke.