Shaker Heights: Garin da Ya Haɗa Launin Fata, Tazarar Samu Ta Gagare Shi

A gefen birnin Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka akwai wani ƙaramin gari na masu hali, Shaker Heights, wanda ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 29,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku baƙaƙen fata ne, fiye da rabi kuma farare. A ƙasar da unguwannin masu kuɗi suka saba zama na farare zalla, wannan abin lura ne, kuma da gangan aka gina shi.

Asalin garin wariya ce. Wasu attajirai biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Van Sweringen, su suka tsara shi a farkon ƙarni na 20, ya kuma samu hukumar kansa a 1912. A takardun mallakar gidaje sun sa sharaɗin cewa ba za a sayar wa kowa ba sai da yardar kamfaninsu ko ta maƙwabta, kuma da wannan aka riƙa tare baƙaƙen fata da Yahudawa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta sharuɗɗan launin fata a cinikin gidaje, amma hali zanen dutse ne: a 1956 aka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata yake ginawa a unguwar Ludlow.

A wancan zamani, da zarar baƙar fata ya tare a unguwa, dillalai sukan tsorata farare cewa darajar gidajensu za ta faɗi, su saya da araha, su sayar wa baƙaƙe da tsada. Mazauna Ludlow na ɓangarorin biyu suka ƙi wannan. A 1957 suka kafa ƙungiyar unguwa wadda ta riƙa zawarcin farare masu sayen gida domin kada unguwar ta koma ta launi ɗaya. Daga baya hukumar garin ta rungumi tsarin. A 1970 aka fara kai ɗalibai makarantun wasu unguwanni a motoci bisa son ran iyaye, a shekarun 1980 kuma aka kafa asusun bai wa mai sayen gida rance idan zai tare inda masu launinsa ba su da yawa.

Abin da ya sauƙaƙa wannan haɗuwa shi ne cewa baƙaƙen da suka fara shigowa likitoci ne, lauyoyi da malamai, samunsu bai yi nisa da na maƙwabtansu ba. Sannu a hankali lamarin ya canza. Masana'antun Cleveland suka durƙushe, iyalai masu ƙaramin ƙarfi suka kama haya a kudancin garin don 'ya'yansu su samu makaranta mai kyau, sannan rikicin bashin gidaje na 2008 ya fi yi wa unguwanni irin su Moreland illa. Samun iyalan farare ya ci gaba da hauhawa, na baƙaƙe ya ja baya.

A aji aka fi ganin sakamakon. Tun a ƙarshen shekarun 1990 iyaye baƙaƙen fata suka gayyaci John Ogbu, masani haifaffen Nijeriya da ke jami'ar California a Berkeley, ya binciki dalilin da 'ya'yansu ke baya. Littafinsa na 2003 ya ɗora wani ɓangare na laifin kan ɗaliban da iyayensu, abin da ya jawo masa suka mai zafi. Masu sukar sun yi nuni da yadda farare suka cika azuzuwan haziƙai, baƙaƙe kuma na gama-gari. A 2020 hukumar makarantun ta haɗe yawancin azuzuwan nan, matakin da ya raba kan iyaye.

Ƙungiyar unguwa da rancen gida sun iya daidaita wanda zai zauna kusa da wa. Albashi, gado da darajar gida kuwa ana yanke su ne a kasuwar da ta fi ƙarfin hukumar gari mai mutum 29,000, kuma su ne yanzu ke raba yaran da ke shiga makaranta ta ƙofa ɗaya.