Tsofaffin bututun ruwa a gidajen Sabon Birni da Isa: yaushe ya kamata a sauya su?

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da Rasha, babban abin da ke fasa bututun ruwa a cikin gida shi ne ƙanƙara. Ruwa na daskarewa idan sanyi ya kai sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya tsaga bututun. Shi ya sa a can ake binne bututu da zurfi sosai, ana kuma naɗe wanda ke waje.

A ƙasar Gobir, wato yankin Sabon Birni da Isa da ke gabashin Jihar Sakkwato kusa da iyakar Nijar, sanyin hunturu ba ya kai wa ga daskarar da ruwa. Duk da haka, bututu na tsagewa a watannin Disamba da Janairu. Dalili kuwa shi ne, sanyi na tona asirin raunin da rana da tsatsa suka daɗe suna yi masa.

Yadda yanayi ke cin bututu

Bututun roba na miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Farin bututun PVC mai tsawon mita 10 kan motsa da kimanin santimita 2 idan bambancin zafi ya kai digiri 30, na PPR kuwa ya ninka haka. Bututun da ya sha ranar hunturu a jikin bango, sannan dare ya sanyaya shi, kullum cikin wannan motsi yake, kuma mahaɗar da aka liƙe da gam ce ke fara sakewa. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, yana ƙara tsananta lamarin. Hasken rana kuma na busar da PVC har ya yi gautsi, ta yadda da sanyin asuba ko akuya ta taka shi sai ya fashe.

Bututun ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya, wanda aka fi sanyawa a tsofaffin gidaje da ma'aikatu, matsalarsa daban ce. Idan tutiyar ta cinye, tsatsa kan taru daga ciki ta toshe hanyar ruwa, sannan ta huda bakin zare inda ƙarfen ya fi siranta.

Abin da ke cikin haɗari

Famfon da ke ɗigon ruwa sau ɗaya a kowace daƙiƙa na zubar da kusan lita 30 a yini, wato fiye da jarka ɗaya. A gidan da ke sayen ruwa ko ƙona man janareto don cika tanki daga rijiyar burtsatse, wannan asara ce ta kullum. A ginin laka kuwa, yoyon da ke ɓoye a gindin bango na jiƙa ƙasa a hankali, har damina ta zo ta ƙarasa shi.

Mafi muni shi ne gurɓacewar ruwan sha. A wuraren da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, bututun da babu ruwa a cikinsa kan zuƙo ƙazanta ta inda ya huje, musamman idan ya ratsa kwata ko ya bi kusa da masai. Ta irin wannan hanya cutar amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida, kuma Sakkwato na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta shafa. Ambaliya, irin wadda yankin Kogin Rima ya gani a 2010, na ƙara wannan haɗari.

Akwai kuma batun dalma, wadda ake samu a wasu tsofaffin mahaɗai da kawunan famfo. Amurka ta haramta sanya bututun dalma a 1986, amma rikicin ruwan garin Flint da ya fara a 2014 ya nuna cewa tsohon bututu na iya cutarwa shekaru bayan an manta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya da illa.

Alamomin da za a lura da su

Ruwa ya fito ja ko ƙasa-ƙasa da safe. Ƙarfinsa ya ragu alhali tanki a cike yake. Bango ya yi danshi, ko ciyawa ta tsiro a tsakar gida da rani. Farin bututu ya koma ruwan ɗorawa, yana barin gari a hannu. Gwaji mafi sauƙi shi ne a cika tanki da yamma, a rufe duk kawunan famfo, a yi alama a inda ruwan ya tsaya. Idan da safe ya sauka, akwai yoyo. Gidan da aka rufe na tsawon lokaci, kamar yadda matsalar tsaro ta tilasta wa iyalai da dama a yankin, na buƙatar wannan gwaji tare da wanke tanki kafin a soma shan ruwansa.

Faci ko sauyawa?

Tsagewa a wuri ɗaya ana iya yanke ta a sa sabon guntu. Amma idan layi ɗaya ya huje sau biyu ko uku cikin shekara, ko ƙarfen ya toshe da tsatsa, ɗaure shi da robar tayar babur jinkirta matsala ne kawai.

Wajen zaɓen sabo, PVC mai kauri da aka yi don ruwan matsi ya dace da ƙarƙashin ƙasa. Kada a yi amfani da siririn da aka yi don kwata ko wayar lantarki. PPR, wanda ake haɗawa da na'urar zafi, ya dace da cikin gida da ruwan zafi. Baƙin bututun HDPE ya fi jure rana, kuma ya dace da dogon layi daga burtsatse. A duba tambarin kamfani da girman matsi a jikin bututun, da shaidar hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki.

A binne bututu aƙalla rabin mita, a shimfiɗa masa yashi mai laushi, a nisantar da shi daga masai. Wanda ya zama dole ya fito fili a shafa masa farin fenti ko a rufe shi, kuma kada a ɗaure shi tamau, a bar masa wurin motsi. Da sanyi gam na jinkirin kamawa, don haka a bar shi ya kwana kafin a saki ruwa, kuma a gwada layin kafin a mayar da ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan girbi zuwa ƙarshen rani, sa'ad da ƙasa ta bushe, yoyo ke fitowa fili, kuma akwai sauran watanni kafin ruwan sama ya sauka a watan Yuni.