Jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa, da aikin shugabannin gari

Ciki da haihuwa ba cuta ba ne, amma a ƙasar Nijar suna cikin manyan abubuwan da ke ɗauke rayukan mata. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da kiwon lafiya na shekarar 2006 ya nuna cewa mata 648 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100.000. Binciken shekarar 2012 ya samu 535. Wannan nauyi kuwa bai faɗa wa mata daidai wa daida ba. A 2012, kimanin haihuwa 83 cikin 100 a birane sun gudana a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma a karkara 21 ne kawai. Matar Yamai ko ta birnin Maradi da matar ƙauye ciwo ɗaya ke kama su. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowace ke ɗauka kafin ta isa hannun wanda zai taimake ta.

Abubuwan da ke kawo mutuwa

Matsaloli huɗu ne suka fi yawa: zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki wadda hawan jini ke haddasawa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa saboda shigar ƙwayoyin cuta. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna ƙara musu ƙarfi. Duka huɗun suna da magani idan an zo da wuri. Zubar jini mai yawa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuwa, idan ba ta kashe uwa ba, sau da yawa takan kashe jariri, ta bar uwar da yoyon fitsari, domin kan jaririn ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje.

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa yawancin waɗannan mace-mace suna faruwa ne ta hanyar jinkiri iri uku. Har yau da wannan ma'auni ake aiki a ƙasashe da dama.

Jinkiri na farko: yanke shawara a cikin gida

Wannan shi ne lokacin da ake ɓatawa kafin a ce a tafi likita. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin mai gida, shi kuwa yana iya kasancewa a gona, ko a kasuwa, ko ya tafi cin rani. Akwai kuma kunyar haihuwar fari, wadda ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda, ta daure ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Wani lokaci akan fara da rubutu da jiƙe-jiƙe har rana ta faɗi. A wasu wurare akan yi yankan gishiri da nufin buɗe hanya, alhali yana jawo zubar jini da yoyon fitsari.

Auren wuri yana ƙara haɗarin. Binciken 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba ta fi fuskantar jijjiga da wahalar naƙuda, kuma ita ce ba ta da bakin magana a gidan miji.

Jinkiri na biyu: hanya

Bayan an yanke shawara, sai a fara neman abin hawa da kuɗi. Ƙauyuka da yawa suna nesa da gidan likita, kuma amalanke ce kawai abin ɗaukar mara lafiya. Da damina kwari sukan cika, hanya ta yanke. Idan ana bukatar fiɗa ko ƙarin jini, ƙaramin gidan likita ba ya iyawa, sai an wuce asibitin gunduma. Kuɗin man mota kaɗai ya isa ya sa iyali su kwana suna neman rance.

Jinkiri na uku: a cikin asibiti

Mace na iya isa amma ta tarar babu ungozoma a bakin aiki, ko babu magani, ko babu jini. Gwamnati ta mayar da haihuwa ta hanyar fiɗa kyauta a 2005, ta ƙara da awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. A 2024 kuma aka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, aka ce karɓar haihuwa kyauta ne. Sai dai a shekarun baya an sha samun jinkiri wajen mayar wa gidajen likita kuɗin da suka kashe, abin da ya riƙa jawo yankewar magunguna.

Gyaran jinkiri na uku yawancinsa aikin hukuma ne. Na farko da na biyu kuwa a cikin gari suke faruwa, don haka maganinsu yana hannun mutanen gari.

Aikin sarki da mai gari

Abu na farko shi ne izini tun kafin bukata ta zo. Mai gari na iya tara magidanta a amince a bainar jama'a cewa duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani za a kai ta likita ko da mijinta ba ya nan, kuma babu wanda zai zargi wanda ya kai ta. Kowane mai tafiya cin rani ya bar wakili a gida, ya bar wani abu na kuɗi.

Abu na biyu shi ne shirin tafiya. A san amalanke ko babur ko motar da za a nema da dare, a san mai ita, a daidaita farashi tun da wuri. A rubuta lambar wayar shugaban gidan likita da ta direban motar ɗaukar marasa lafiya, a ajiye wurin mai gari da liman da ungozoma. A kafa asusun gari bayan girbi, ko da kwano guda na hatsi ne daga kowane gida, a damƙa shi ga mutum biyu amintattu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa ba da lissafi a gaban jama'a.

Abu na uku shi ne sa ido. Wakilan gari a kwamitin kula da gidan likita su riƙa halartar taro, su tambayi abin da ya ƙare, su kai kuka ga magajin gari da shugaban likitocin gunduma. Idan mace ta rasu wajen haihuwa, bayan an yi ta'aziyya a zauna a bincika inda lokaci ya ɓace, ba don a kama mai laifi ba, sai don kada a maimaita.

Aikin limamai da malamai

Maganar liman tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta shiga. A wurin huɗuba, da ɗaurin aure, da raɗin suna, yana iya tunatar da maza cewa kula da lafiyar iyali yana cikin haƙƙin da ke wuyansu, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu na shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Malamai na iya ƙarfafa maza su ba da jini, domin rashin mai bayarwa ya sha kashe mace a kan gadon asibiti.

Aikin maza da shugabannin mata

A tsakanin 2007 da 2008 aka fara makarantar mazaje a jihar Damagaram da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Magidanta kaɗan da ake ganin girmansu sukan zauna lokaci-lokaci tare da ma'aikacin lafiya, su tattauna matsalar garinsu, sannan su bi sauran maza da nasiha. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maradi a 1991, suna da asusun da mace za ta iya ranta cikin gaggawa. Ungozomar gargajiya kuwa aikinta mafi amfani yanzu shi ne ta gane alamar haɗari, ta raka mace likita. Surukai da kakanni su ma a saka su cikin kowace faɗakarwa, domin a ɗakin haihuwa maganarsu ce ake bi. Haka nan azuzuwan yaƙi da jahilci wuri ne mai kyau na koya wa mata karanta katin awo da ranar komawa.

Alamomin da ba a jira da su

Zubar jini a lokacin ciki, ko jini mai yawa bayan haihuwa. Ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu, kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga. Naƙudar da ta wuce awa 12. Fitowar hannu ko ƙafa ko cibiya kafin kai. Mabiyiya ta ƙi fita. Zazzaɓi ko ruwa mai wari bayan haihuwa. Jariri ya daina motsi a ciki. Duk wadda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinta, a ɗauke ta nan take, ko dare ko rana.

Macen da ta riga ta kamu da yoyon fitsari kada a ware ta, kada a sake ta. Yawancin masu wannan lalura suna warkewa idan an yi musu aiki. Akwai cibiyar ƙasa ta wannan aiki a Yamai, da wata a Danja kusa da Maradi wadda aka buɗe a 2012, ana kuma yin aikin a Damagaram da Tawa. Mai gari ya nemi irin waɗannan mata cikin sirri da mutunci, ya haɗa su da gidan likita mafi kusa domin a ba su takardar tafiya.